Ranar da Kaji Suka Ruɗi Iya

Ɗazu jikata take nuna min a waya, wai yanzu masana kan faɗi ranar husufi tun shekaru kafin ya zo. Sai na tuna Iya.

Iya kakata ce, makauniya, a Badafi muke. Da motsin kaji take gane lokaci.

Saura shekara guda a samu 'yancin kai, tana ramuwar azumi, muna zaune a gindin zana bayan azahar, sai hasken rana ya dushe kamar an barbaɗa masa toka. Iska ta yi sanyi. Kaji suka nufi akurki ɗaya bayan ɗaya.

"Hanne, ba ni ruwa, magariba ta yi."

"Iya, ko la'asar ba a kira ba."

Ba ta yarda ba, ta lalubo ƙwaryar da kanta. Har ta kai baki, na ga hasken da ke ratso zana ya zuba a zanenta, kowane ɗigo kamar jinjirin wata.

"Iya, ga wata nan birjik a jikinki, kuma gari na duhu."

Ta sauke ƙwaryar, ta shafa zanen a hankali.

"Ke ma ba kya gani sosai ko? To, yau kin leƙo garinmu."

Can zakara ya yi cara, haske ya dawo. Azuminta bai karye ba.

Yanzu da yanar ido ta fara rufe min gani, kullum sai maganar nan ta faɗo min. Akwai wanda ya riski ranar nan a cikinku?