Haddar da ke ƙafata

Ina da shekara tara a Kebbe lokacin da Baba ya ce duk wadda ta kawo haddar izu biyu cikinmu 'ya'yansa mata, zai kai ta islamiyya a Tambuwal. Yayata ta riga ta tafi. Ni ma ina so, ban dai faɗa wa kowa ba.

Ni kuwa karatu ba ya zama a kaina in ina zaune. Sai na je bayan rumbu na zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, na jefa 'yar katangar fasasshen tulu, na ɗage ƙafa ɗaya. Kowane gida aya ɗaya. In na juyo, in maimaita. A haka na haddace izu guda da rabi, ban taɓa ɗaukar abin wata dabara ba.

Wata la'asar Gwaggo, yayar Baba, ta zo ɗibar gero ta same ni.

"Ke! Mi kika yi haka? Tsalle da ayar Allah a baki? Wagga ɗiya ba ta da kunya!"

Ta sa ƙafa ta share zanen. Ba ta buge ni ba. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ce nan zan riƙa karatu, ƙafa a naɗe kamar 'yar mutane. Gaskiyarta, girmama karatun take yi, har yau ban ga laifinta ba.

Sati uku ina zaune. In karanta aya sau ashirin, in rufe allo, wayam. Ƙafata ta yi ta motsi a ƙarƙashin hijabi, Gwaggo ta ɗora mata hannu ba tare da ta dube ni ba. Daga baya ƙafar ta daina da kanta.

Ranar da Baba ya kira ni zaure, malamai biyu abokansa na nan. Na durƙusa na fara. Izun farko ya fito tsaf. Na shiga na biyu, na kai daidai inda haddata take ranar da aka share zanen, na tsaya. Baba ya ja mini baki, na maimaita abin da ya ce, na sake tsayawa. Sau uku.

"Tashi, uwata," in ji shi, a hankali. Ya juya ga abokansa ya ce, "Kowa da abin da Allah ya ba shi. Wagga kanta bai ɗauka."

Ban yi kuka ba, ban ji komai ba wallahi. Na ɗauki allona na jingine a bango na shiga gida. Inna ta tambaye ni yaya aka yi, na ce kaina bai ɗauka. Na faɗa yadda ake faɗin an yi ruwa jiya. Shekara ashirin da wani abu, duk wanda ya tambaye ni me ya hana ni karatu, amsar da nake ba shi ke nan.