Yadda Baba Ya Ce

Shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya aka ce kowa ya yi bincike, in bai yi ba babu takardar gamawa. Ni aka ba ni ciwon kai da cin gishiri. Na hau babur sai Mabai, gidan wani Alhaji aminin mahaifina, gida ne mai sassa kamar unguwa. Na ce a raina, me zai sa in yi ta yawon ƙauyuka alhali ga mutane a tare wuri guda?

Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ya tara ƙannensa da 'ya'yansa, ya ce a fara da shi. Ciwon kai? Yakan yi, da la'asar. Gishiri? Kaɗan. Na juya ga na kusa da shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Baba ya ce." Mai bi masa ma haka. Matan cikin gida suka aiko cewa su ma da la'asar ne. Kwana biyu na gama, har ina tausayin abokaina da ke fama a Faskari da Sabuwa.

Malamar da ke duba aikina, likita ce marar son wasa, ta juya takardun ta ce, "Gida nawa ka shiga?"

Na ce ɗaya.

"Tukunya nawa?"

Na ce ita ma ɗaya.

Ta ce, "To mutum ɗaya ka tambaya, sauran amshi suka yi. Ko da gaskiyarsu suka faɗa, miya ɗaya suke sha. Na ba ka mako biyu, ka bi gida-gida."

Wallahi na ji kunya. Na biya na yi wa Alhaji bayani, sannan na nufi Yargoje, inda ban san kowa ba.

Gidan farko maigidan ya tarbe ni da fara'a. "Kai ne ɗan aminin Alhaji? Ai ya aiko tun jiya, duk gari an sanar. Kada ka wahal da kanka, Malam. Da la'asar ne, gishiri kaɗan."

Mako biyun suka ƙare ina neman ƙauyen da saƙon Alhaji bai riga ni zuwa ba. Abokaina suka karɓi takardunsu, ni na maimaita shekara. Na yi kuka sosai, kuma dole na koma na yi wa Alhaji godiya, don shi taimakona ya yi.