Batirin da Kawu Yake Shayarwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba ya iya hawa bene. Mu kuwa a hawa na uku muke a unguwar Zahir, a nan Makka, ni da matata da 'ya'yanmu mata. Tun da aka rushe gidan da yake haya a Jarwal, sai ya koma cikin motarsa mai ɗaki, wadda ake ce wa karafan. Da ita yake kai abinci Arfa lokacin yana da ƙarfi. Injin ya daɗe da mutuwa. Muka tura ta bayan gidanmu, inda nake hango ta daga tagar madafa.

Mai gidan ya hana a ja mata waya daga sama. Saboda haka komai na Kawu a kan batir ɗaya yake, wanda sola ke cikawa: fanka, fitila, da ɗan firij ɗin da yake ajiye allurar ciwon suga. Batirin kuma a ƙarƙashin gadonsa yake.

Wata rana bayan azahar na kai masa abinci, na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na duba firij, ba komai. Na durƙusa na sa hannu ƙarƙashin gado, sai na janye da sauri. Batirin ya yi zafi, cikinsa ya kumbura, yana wani ɗan huci. Ga kaskon turaren Kawu a gefe da garwashi ja.

Na fitar da kaskon waje.

"Kawu, me ya sami batirin nan?"

"Ƙishirwa ce. Na ba shi ruwa ɗazu."

"Wane ruwa?"

Ya nuna jarkar zamzam da sandarsa. "Wane ruwa ne ya fi wannan? Ni shi nake sha, shi ma shi yake sha."

Ni kaina ban sani ba ko zuba zamzam cikin wannan guba laifi ne, kuma har yau tambayar tana damuna. Na kwance batirin, na kai allurar firij ɗinmu a sama, na buɗe masa duka tagogi, na tafi shago.

Mai shagon Bahaushe ne haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya leƙa cikin batirin ya girgiza kai.

"Ya ammi, wa ya yi wannan? Baɗɗariyya ba ta shan sai moya, ruwan da aka tace. Gishirin ruwan ya cinye ta. Da wuta ta taɓa iskar da take fitarwa, khalas, ta fashe."

Ya nuna mini iri uku. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka na sa ya maimaita mini kowanne har sai da ya fara duban ƙofa. Akwai mai ruwa irin na da, wanda yake fitar da iska, kuma na san Kawu zai ci gaba da shayar da shi. Akwai mara nauyi na zamani, wanda na taɓa gani a waya yana ci da wuta, ruwa ma bai kashe shi ba. Ya ce nasa ba irin wannan ba ne, amma zuciyata ta ƙi. Sai na ukun, rufaffe, ba shi da murfin da za a buɗe.

"Idan zafi ya busar da shi fa?" na tambaya.

"Zai mutu shiru. Wata rana fanka ta tsaya, bas."

"Idan aka fasa shi fa?"

Ya yi dariya. "Wane majnuni ne zai fasa?"

Na tsaya a tsakanin batiran nan har aka kira la'asar. Kowanne na kalla, sai in ga Kawu kwance a kansa. Bayan salla na ɗauki rufaffen.

Kawu ya shafa shi ta ko'ina yana neman baki.

"Ina bakinsa?"

"Ba shi da shi, Kawu. Wannan ba ya shan ruwa."

"Kai ɗan nan, an cuce ka. Wane abu ne zai yini yana maka aiki a zafin Makka bai sha ruwa ba? Ko jaki ana shayar da shi."

Na ɗauka maganar ta ƙare. Bayan 'yan kwanaki na durƙusa in duba waya, sai na ga shatin wuƙa a saman batirin, an kankare gefe ɗaya, saura kaɗan ya huje. Na kwashe wuƙaƙen motar duka, har da abin yanke farce. Duk da haka barci ya ƙaurace mini, don ƙusa ma ta isa. Da safe na kira mai gyara, muka fitar da batirin zuwa akwatin ƙarfe na gefen motar, mai ramukan shan iska, na sa kwaɗo na rataye makullin a wuyana.

Kawu yana zaune a bakin ƙofa yana kallonmu. Da muka gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka kulle shi cikin rana ba ruwa. To, ni ba zan sha iskarsa ba. Ba da ni za a ɗauki alhakinsa ba."

Firij ya bari, don na roƙe shi da darajar mahaifiyata. Fanka kuwa ya kashe.

Yanzu zafi ya shigo sosai, ƙarfen motar ba ya taɓuwa da rana. Ina sauka in kunna masa fanka, ya bari in juya baya ya kashe. Jiya na same shi a kwance, rigarsa ta jiƙe, leɓunansa sun bushe, sai da na kira shi da ƙarfi kafin ya buɗe ido. Matata ta ce in mayar masa da mai ruwa kawai, in ɓoye jarkar. Amma wa zai raba tsoho da zamzam a garin nan? Na yi magana da maƙwabta biyu, gobe za mu ɗauko shi a kan kujera mu hau da shi sama. Ban gaya masa ba tukuna.