Yayen Morenike

A layinmu na masu gyaran kwamfuta a Ibadan, kowa ya san Morenike mai amala. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, hannun nan da ke tuƙa tuwo ya fi na kowa sanin cikin kwamfuta. Shagona na kallon rumfarta, caja da batir nake sayarwa, don haka a idona aka yi komai.

Tana budurwa ta shiga koyon aiki wurin Oga Lamidi. Shara ita, ɗebo ruwa ita, har 'ya'yansa ta goya. Da lokacin yaye ya yi sai ya ce hannunta bai nuna ba tukuna. Shekara ta zagayo ya maimaita. Gaskiyar magana ita ke riƙe masa shagon, shi yana gefe yana cin goro. Mu kuwa a nan, wanda ubangidansa bai yaye shi a gaban ƙungiyar masu gyara ba, ko tebur ya kafa sai an kwashe. Ta kafa, aka kwashe, Lamidi na tsaye yana sakace haƙori. Ta koma sayar da amala, ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara leƙowa, amma abin bai bar ranta ba. Ni ma har gobe haushinsa nake ji.

Wata Litinin da hantsi sai ga Lamidi ya biyo ta bayan rumfa, da ƙunshi a hammata. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum.

"'Yata, taimako na zo nema," in ji shi.

"Yau ni ce 'yarka, Oga? Da miyar ewedu za a sa ko da ta wake?"

Ya kwance ƙunshin. Kwamfutar cinya ce ta mijin 'yarsa. A gida ya buɗe ta don ya share mata fanka, da ya rufe ta ƙi tashi. Ya canza caja, ya cire batir ya mayar, ya danne maɓalli har yatsansa ya yi tsami, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Yaran shagonsa kuwa ba zai ba su ba, don idonsa ya daɗe da dushewa yana ɓoyewa. In layi ya gane, ba mai sake kawo masa aiki.

Morenike ta goge hannu a zani, ta juya kwamfutar, ta shafa gindinta a hankali. Yatsanta ya tsaya a wuri ɗaya. Na ga ta yi murmushi.

"Na ga ciwon, Oga. Sai dai ƙungiya ta hana ni taɓawa. Ai hannuna bai nuna ba."

"Haba Morenike! Abin da ya wuce..."

"Ka yaye ni, in gyara."

Ya yi magiya, ya haɗa ta da Allah, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Dole ya yarda.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera zuma da gishiri da goro. Morenike, mace mai 'ya'ya har sun tasa, ta durƙusa kamar yarinya, Lamidi ya ɗan taɓa ta da bulalar ƙarshe yadda aka saba, ya sa mata albarka da murya kamar ana shaƙe shi, ya miƙa mata kayan aiki. Muka yi tafi. Ya raɗa mata su koma bayan shago.

"A'a, Oga," ta ce da ƙarfi. "Aikin farko ai a gaban manya ake yin sa."

Ta ɗora kwamfutar a teburin shugaban ƙungiya. Ta kwance noti ɗaya tak, ta ɗaga kowa ya gani. Dogo ne aka cusa a ramin gajere, ya nutse har ya dafe allon ciki, wuta ta haɗe. Ta lalubo gajeren inda aka ɓatar da shi, ta mayar da kowanne gidansa, ta danna. Fanka ta juya, fuskar kwamfutar ta yi haske.

"Wane makahon ne ya ɗaura wannan?" in ji shugaba yana dariya. "Lamidi, wane yaronka ne? A kore shi!"

"Ba yaro ba ne, Baba," in ji Morenike. "A gida aka yi aikin."

Dariyar ta tsaya cak. Na so in ji tausayinsa, na laluba raina ban samu ba. Morenike ta ɗauki sukudireban da ya ba ta a cikin kayan yaye, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Riƙe mini, Oga, in rufe."

Lamidi ya miƙo hannu a gaban dukan layin, ya damƙi iska.