Haƙori Ɗaya Tsakanin Biyu da Uku

An sallami Yaya Sabitu daga shagon ɗinkin da ya yi shekara ashirin da shida a ciki, kwana goma kafin Sallah, a kan riga ɗaya tal. Turki, wanda ya gaji shagon daga ubansa, shi ya kashe masa keke ya ce, "Ammi Sabitu, ka tsufa, je ka huta." Hutun me? Ikamarsa, takardar izinin zama a nan ƙasa mai tsarki, tana hannun Turki, saura wata biyu ta ƙare. In ba a sabunta ba sai Kano, inda ko ɗakin kwana ba shi da shi.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Duk unguwar Hindawiyya an san shi, tef a wuya, alli a bayan kunne, kofin shayi yana hucewa a gefen keke. Yaran da ya ɗinka wa rigar makaranta su ne yau suke kawo masa nasu 'ya'yan. Shi Turkin ma rigar angoncinsa wa ya ɗinka?

Ga abin da ya faru. A lambobin Larabci, biyu da uku haƙori ɗaya ne ya raba su. Wani ƙaton mutum, Abu Fahad, an rubuta faɗinsa talatin da biyu, Yaya ya karanta ashirin da biyu ya sa almakashi. Ranar gwaji mutumin ya cusa kai, riga ta tsaya a ƙirji, hannu biyu a sama kamar an ce masa ɗaga. Sai da aka farke ta kafin ya fito.

Da ya zo wurina a unguwar Mansur, inda nake sayar da masa, ya zaro takardar awon zai nuna min. Na ga ya miƙe hannu da ita can nesa yana ƙanƙance ido. Take na gane, don bara haka nake yi wa waya, har 'yata Ilham ta ce, "Ummi, ko hannunki ne ya gajarce?" ta kai ni shagon tabarau.

Na ce, "Yaya, tabarau kake bukata."

"Ni? Daga can unguwar Rusaifa nake karanta agogon Harami!"

"Agogon Harami ka yanka wa riga?"

Washegari na ja shi shagon tabarau. Mai gwajin ido ya ce in mutum ya haura arba'in gani na kusa ne yake fara raguwa, kuma bai bar Bature ba, bai bar Balarabe ba. Aka ɗora masa gilashi. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe.

"Kabira, ashe ke ma kin tsufa haka?"

"Cire ka ba su kayansu!"

Har mai shagon sai da ya dafa tebur don dariya, alhali ba ya jin Hausa.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Ya karanta kwalin shayi, ya karanta bayan gwangwanin tumatirina ya ce kwanansa ya kusa ƙarewa. Ya zura zare a allura bugu ɗaya, ya zare, ya sake, yana kiran masu cin masa su zo su shaida. Shekara uku, in ji shi, da lalube yake zurawa, bai gaya wa kowa ba don kunya. Ya kakkaɓe tsohon kekena, ya sayo yadi, ya ɗinka wa Abu Fahad sabuwa. Da ita mutumin ya je Idi, ya dawo har gabana ya juya sau biyu, ya ci masata guda goma sha biyu.

To Turki, Sallah ta wuce, saura sati shida ikamarsa ta ƙare. Na je shagonka na ga kwan fitilar da ke kan keken Yaya, ko kaza ba za ta ga hatsi a ƙarƙashinsa ba. Ka canza shi. Ka ce wa mai rubuta awo ya riƙa fito da haƙoran ukunsa. Ka sabunta ikamar nan, ka kira shi da bakin da ka kore shi, ya koma kan kekensa ranar Asabar.