Ƙwai na Biyu

A bencin tasha wata mata ke zaune, kakkaura, gwiwarta ɗaure da bandeji. Tabon ƙuna a hannuwanta ya nuna mai guga ce, kuma da alama ita ke ci da gidanta. Ta shimfiɗa farin hankici a cinya, irin tsabtar da aka daina koya wa yara, tana buɗe kwano: dafaffen ƙwai biyu, ganye, yankan burodi.

'Yarta na tsaye a kanta da waya.

"Mama, har biyu? Nan an ce kalori ɗari takwas ya isa a rana."

"Wayar ce za ta ɗaga mini dutsen guga? Likita ta auna ni, ta tambayi aikina, ta ce dubu da ɗari takwas. Na gwada yunwar taku, a kan rigar mutane na faɗi."

"To yaushe gwiwar za ta huta?"

"A hankali. Ƙiba nake ragewa, 'yar nan, ba kwanana ba."

Tana ɓare ƙwai na biyu a natse, tana kallon 'yar ido cikin ido har ta cinye.