Ranar da Kletus Ya Ƙi Tauna Buwai

A duk gaɓar kudancin tsibirin Bougainville babu mutumin da mata suka tsine wa kamar Kletus, alhali ko kaza ta shiga gabansa shi ke kauce mata. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, sana'arsa busar da kwakwa da gyaran injin kwale-kwale. Amma ran Lahadi, in aka fito coci aka share filin makaranta don wasan kwaikwayo, shi ne mugun da ke ɗaure mutane yana tuhumarsu.

Shigarsa ƙungiyar wasan ma ba da shiri ba ce. Bayan an ajiye bindigogi, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Petronila, mai baki kamar reza, ta tara mutum takwas suna zaga ƙauyuka suna nuna abin da muka yi wa junanmu a shekarun yaƙi. Cewa take ciwon da aka rufe shi ke ruɓewa. Kletus dai injin kwale-kwalensu aka kira shi ya duba. Yana zaune da sifana a hannu, suna gwaji a gefe, mai fitowa a matsayin mugun yana ta tsalle yana zare ido yana ihu.

"Ba haka ake yi ba," in ji Kletus, ko kai bai ɗaga ba.

"To fa, gwani ya iso," in ji Petronila. "Taso ka koya mana, sarkin baƙin mai."

Ya goge hannunsa, ya tsuguna gaban wanda aka ɗaure, ya gyara masa wuyan riga, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, za ka sha ruwa? Suna ɗaya kawai za ka faɗa mini, sai kowa ya tafi gida." Tsigar jikin kowa ta tashi. Petronila ta daɗe tana kallonsa, amma ba ta tambaye shi inda ya koya ba. Mu nan mun ƙware wajen haɗiye tambaya.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. Yana ɗan shekara goma sha tara, a cikin mayaƙan daji, suka kama Bonifas, malamin firamare na ƙauyen Sikurai, wai yana kai rahotonsu wajen sojoji. Kwana uku suka riƙe shi a wata rumfa a kan tudu. Ba Kletus ne ya kashe shi ba, amma shi ya riƙe igiya, shi kuma ya haƙa ramin. Sauran ukun da suka san wurin duk sun mutu. A wajenmu kuwa mamaci ba ya kwanciya sai ƙashinsa ya koma ƙasar uwarsa, uwar ma ba ta tuɓe baƙin kayan makoki sai ranar. Shekara goma sha shida ke nan Mama Skolastika, uwar Bonifas, tana cikin baƙaƙen kaya, kuma Kletus ya sani sarai.

Kowane wasa da abu ɗaya yake ƙarewa. Dattijuwar ƙauye za ta fito ta ɓare buwai, wato goron ƙasarmu, ta raba biyu, ta miƙa wa mugun rabi, su dangwali farar ƙasa su tauna tare har bakinsu ya yi ja. Tun kaka da kakanni, waɗanda suka tauna tare a bainar jama'a sun rufe duk wata magana da ke tsakaninsu, wadda aka sani da wadda ba a sani ba, kuma abin kunya ne wani ya sake tono ta. Da haka ake huce wa ɗan wasan, kada wani ya tare shi a hanya da adda. Kletus ya tauna a ƙauyuka sun fi arba'in. Sikurai ce kaɗai bai taɓa takawa ba. In an sa ranar zuwa can, ko zazzaɓi ya kama shi, ko inji ya ƙi tashi.

Wata rana Petronila ta same shi yana juya kwakwa a kan wuta.

"Lahadi sai Sikurai. Mama Skolastika ce da kanta ta aiko, ta ce a kawo mata mugun nan da ake ta labari, tana so ta ga irin abin da aka yi wa ɗanta."

"Yaya, jikina..."

"Jikinka me? Wannan zazzaɓi naka ya san kalanda, ya fi Fadan coci sanin ranaku. Ko gawarka ce sai na sa ta a kwale-kwale."

Ya tafi. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Tsohuwar ta zauna a sahun gaba a kan turmi, 'yar ƙarama da ita, hannuwa a kan gwiwa. Kletus ya yi wasansa kamar kullum, da sanyin muryar nan tasa. Mata suka yi ta kuka, wasu maza suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da aka gama ta taso da sandarta, ta ɓare buwai, ta miƙa masa rabi.

"Karɓi, ɗana. Wasa ne, mun sani."

Abin mai sauƙi ne ƙwarai. Tauna ɗaya, shi ke nan ya fita har abada, ko da wata rana asiri ya tonu ba mai ikon tada maganar. Kuma ni ban ga laifinsa ba da hannunsa ya fara miƙewa, don na san da yawa cikinmu da suka tauna irin wannan suka yi ƙiba. Sai dai in ya tauna, shi ma ba shi da bakin sake buɗe zancen, kuma tsohuwar nan a cikin baƙi za a binne ta.

Ya mai da hannunsa baya, ya durƙusa.

"Mama, ba zan iya ba. Ina wurin. Ni na riƙe igiyar Bonifas."

Ƙannen Bonifas biyu suka miƙe, ɗaya har ya rarumo itace. Petronila ta dafe baki.

"Ka san inda yake?" tsohuwar ta tambaya.

"Na sani."

"To, ku zauna," ta ce wa 'ya'yanta, ba ta ko waiwaya ba. "Wanda ya taɓa shi, shi zai nuna mini ramin."

Washegari da hantsi suka hau tudun, ita a tsakiya ana tallafe da ita, Kletus a gaba da shebur. Ciyawa ta cinye wurin, amma bai yi ɓatan kai ba. Shi kaɗai ya yi haƙan, ba wanda ya taya shi, shi ma bai nema ba. Tsohuwar ta riƙa karɓar ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, tana goge su da gefen zanenta tana jerawa a cikin ɗan akwatin katako. Ba ta yi kuka ba. Kletus ya shirya wa kowace irin tambaya: wa ya ba da umarni, me ya faɗa a ƙarshe, ya sha wuya ko bai sha ba.

Sai da ta sa ƙashi na ƙarshe ta ɗago.

"Kun ba shi abinci?"

Ƙaryar tana bakinsa, kuma ba mai rai da zai ƙaryata shi. Ya haɗiye ta.

"Ba mu ba shi ba, Mama. Kwana ukun duka."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance ƙullin da ke ƙugunta, ta fito da dafaffen gwaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da sauran ɗuminsa, ta ajiye a gefen ƙoƙon kan, ta rufe akwatin.

"Tun yana goye ba ya iya barci da yunwa," ta ce. "Ɗauko shi. A hankali, hanyar da santsi."